Katin da Na Sa Wanzamina Ya Yi

Shekara talatin da 'yan kai, in dai ina Daura, hannu ɗaya ne yake ɗora aska a kaina. Kowace Juma'a da hantsi wanzamina zai yi sallama a zaure, ya sauke zabirarsa a kan tabarma, ya ce a kawo ruwa. Kafin ruwan ya zo ya riga ya fara wasa askar a tafin hannunsa, yana ba ni labarin unguwa.

Na yi aski a wurare da yawa. A Kumasi kan kujera ake zaunar da mutum, a kafa masa madubi a gaba, ya yi ta kallon kansa kamar mai jiran hukunci. A Omdurman sai an gama a shafe ka da turare har ka ji kunyar fita. A Jidda wani ya taɓa kunna auduga ya ƙona mini gashin kunne ba tare da ya tambaye ni ba. Duk sun iya aikinsu. Amma babu wanda ya san akwai wani ɗan ƙari a bayan kunnena na hagu da ake kewaye shi, sai wannan mutumin.

Ina ce masa Ɗan Faranshi, don a wani ƙauye aka haife shi can gaba da Kongolam, a kan hanyar Matamaye. Iyayenmu haka suke kiran tsallaken Nijar, Faranshi, mu kuma nan Ingila. Ya zo Daura yana yaro tare da mahaifinsa cin rani, uban ya koma, shi ya zauna. Ya auri 'yar Sandamu, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da wasu. Rabin mazan unguwarmu shi ya yi musu askin suna.

"Ɗan Faranshi, yau ma askar nan ba ta ci," in ji ni.

"Tana ci, Alhaji. Kan ne ya sha ƙasashe ya yi tauri."

Bai taɓa mallakar takarda ba, ko ta nan ko ta can. Duk kaka yakan bi hanyar gonaki ya je ya ga 'yan'uwansa, ya dawo da ɗan gero da wake a bayan keke. Ba wanda ya taɓa tsayar da shi. In ma ya haɗu da mai kaki a hanya, gaisawa suke yi, wani lokaci har ya zauna ya gyara masa gemu a gindin bishiya.

Ni kuwa takarda ta riga ta shiga jinina. Ina saurayi ina Kumasi wajen kawuna mai fataucin goro aka wayi gari an ce baƙi marasa takarda su bar ƙasar. Na ga dattawan da aka haifa a zango, unguwar Hausawan can, waɗanda Asantanci ya fi Hausa zama a bakinsu, an ɗora su a manyan motoci da tukwanensu. Daga baya a Jidda na ga matan ƙasarmu suna gudu a kasuwa, suna zubar da kayan tallarsu, don an ce masu kame sun shigo. A Abijan na ga an tsayar da mota an ware fasinjoji gida biyu, ba a duba komai ba sai sunan da ke kan kati. Abin da na koya ke nan a yawona: ranar da ƙasa ta yi fushi, mai takarda ne yake kwana a gidansa.

Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jihohinmu, wanzamina ya fi kowa murna. Ya ce yanzu kam magana ta ƙare, tunda alƙibla ɗaya ce, babu sauran ɗan nan da ɗan can. Shekaru suka wuce lafiya, har na fara ganin kamar shi ne da gaskiya.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. Tashin hankali ya ɓarke a gabas, shingaye suka yawaita a hanya. Aka fara jin kalmar baƙin haure a rediyo safe da yamma. Da zaɓe ya matso, kowane ɓangare ya shiga zargin ɗaya da cewa yana kwaso mutane daga tsallake don su jefa masa ƙuri'a. A majalisar ƙofar gida sai ka ji mutumin da kakarsa 'yar Damagaram ce yana cewa a kori 'yan Nijar. Ni na san wannan iskar, na taɓa shaƙar ta a wasu ƙasashe. Hankalina ya tashi.

Wata Juma'a, yana tsakiyar aski, na ce masa ya kamata ya yi kati.

"Katin me, Alhaji? Asibiti zan je?"

"Katin shaida. Wanda zai nuna ko kai wane ne."

"To wa ya manta? Ka fita ƙofar gida ka tambayi duk wanda ka gani."

"Ba mutanen unguwa nake ji ba. Baƙin ma'aikata za a kawo, waɗanda ba su san ka ba."

Ya ɗan dakata da askar. Ya ce in haka ne, ai sai ya je ya yi na nan, ya ce a Daura aka haife shi, mai unguwa ba zai ƙi sa masa hannu ba. A nan ne na yi kuskuren da har yau yake cina. Na ce a'a, kada ya yi ƙarya da furfurarsa, a sa shi rantsuwa a kan abin da ba haka yake ba. Na ce ya yi na gaskiya, na ƙasar da aka haife shi. Na bayyana masa cewa ƙasashen nan namu sun yi yarjejeniya, ɗan wannan yana da ikon shiga waccan muddin yana riƙe da shaidarsa. Na faɗa masa da Hausa, na maimaita sunan yarjejeniyar da Turanci da Faransanci, don ya ji nauyin maganar.

"Kai ka san duniya," in ji shi. "Ni kawuna kawai na sani."

Ni da kaina na ɗauke shi a mota muka tsallaka. Muka biya ƙauyensu muka ɗauki tsofaffi biyu da za su shaida haihuwarsa. A ofis na yi ta zuba Faransanci, ma'aikacin yana jin daɗi, ni ma ina jin daɗin kaina. Aka ɗauke shi hoto. Sai da muka koma sau biyu kafin katin ya fito. A hanyar dawowa ya sa na karanta masa abin da aka rubuta, layi bayan layi: sunansa, sunan ubansa, ƙauyensu, ƙasarsa. Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ashe haka nake da kyau, ba ku taɓa faɗa mini ba."

Ya naɗe katin a leda ya sa a aljihun zabira, kusa da ƙahon da yake yi wa mutane. Ya riƙa nuna wa abokansa.

Bayan 'yan watanni aka yi faɗa a wani gangamin siyasa, matasan ɓangarori biyu suka sassari juna, ɗaya ya mutu. Kafin a binne shi magana ta bazu cewa 'yan tsallake ne aka ɗauko haya. Ba wanda ya ga ko ɗaya, amma kowa ya ji daga wanda ya gani. Ranar kasuwa ta zagayo, wanzamina ya tafi wata kasuwar kan iyaka inda yake da gindin bishiyar da yake zama. Da rana tsaka motocin masu kaki suka kewaye wurin, tare da 'yan banga masu gora da suke nuna musu mutane.

Abin da ya faru, daga bakin wani mai sayar da igiya na ji shi, wanda yake zaune kusa da shi. Aka tara mutane a fili aka zaunar da su a rana. Ana zuwa kan kowa ana tambayar takarda. Yawancinsu ba su da komai. Wannan ya ce shi ɗan Baure ne, ya faɗi sunan mai unguwarsu, aka ce ya tashi. Wancan ya ce shi ɗan Zango ne, aka ce ya tashi. Har waɗanda da safen nan suka tsallako da jakunansu, da suka ambaci wani ƙauye na nan, ba yadda za a yi a ƙaryata su, fuska ɗaya, harshe ɗaya. Da aka zo kan wanzamina, bai jira an tambaye shi ba. Ya buɗe zabira, ya warware leda, ya miƙa katinsa da hannu biyu.

Ma'aikacin ya duba ya ce, "Ga ɗaya." Ya tambaye shi takardar izinin zama. Bai taɓa jin sunanta ba, don ni ban faɗa masa ba. Ya fara bayanin yarjejeniya, yana ƙoƙarin tuna kalmomin da na koya masa. Ya miƙe tsaye don a ji shi da kyau. Sai wani daga cikin 'yan bangar ya sauke masa gora a kafaɗa, ya ce ya zauna, baƙon banza. Da ya waiwaya sai ya ga ɗan unguwarmu ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, gidansu na huɗu daga nawa. Wanzamina ne ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya, shi ya yi wa 'ya'yansa. Mai igiya ya ce daga nan sai ya koma ya zauna. Aka sa su a mota, su kamar goma sha wani abu, aka sauke su a tsallake.

Da labari ya iso ni ban firgita sosai ba. Na san irin wannan korar. Iyakarmu ba teku ba ce, ba kuma katanga ba. Kafin magariba rabin waɗanda aka kora sun biyo gonaki sun dawo, washegari sauran suka shigo. Na ce wa matarsa ta kwantar da hankalinta, gobe zai zo. Gobe ta yi, bai zo ba. Juma'a ta zo, na sa aka shimfiɗa tabarma, na zauna har aka yi kiran farko. 'Ya'yansa suka je suka dawo, suka ce yana gidan ƙanensa, kafaɗar ta kumbura amma ba karaya, ya ce a gaishe da kowa.

Zaɓe ya wuce. Waɗanda suka yi ta ihun baƙin haure suka koma neman 'yan tsallake su yi musu noma. Na bari har wata biyu, ina cewa fushi ne, zai huce. Da na ga shiru na shiga mota na tafi.

Na same shi a bakin rumbu yana gyaran igiyar guga. Ya rame. Ya tashi ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura. Muka gaisa, muka sake gaisawa.

"Ɗan Faranshi, na zo ɗaukarka," na ce.

"Yau kam sunan ya zauna daidai," in ji shi, yana murmushi.

Na ce komai ya lafa, ba mai tambayar kowa. Na ce mai unguwa ya yi alkawarin tsaya masa, za a yi masa duk takardar da ake bukata. Na ce wanda ya doke shi ya zo wurina har sau biyu yana kuka, ya ce bai gane shi ba ta baya, ubansa ma ya ce zai kawo shi har nan ya durƙusa.

"Kada a wahalar da shi. Na yafe masa tun a cikin mota."

"To mu tafi mana."

"Alhaji, in na koma, kan wa zan kama? Wanzami ba ya aiki da hannu mai rawa. Da can in na ɗora aska a wuyan mutum, ni da shi ba mai tunanin komai. Yanzu zan riƙa tunani, shi ma zai riƙa yi."

Na ce laifina ne. Na ce da na bar shi yadda yake, da yanzu yana gidansa. Na faɗa masa ni ne na ɗauko tsoron wasu ƙasashe na kawo masa har zaure.

"Ba ƙarya ka karanta mini ba," in ji shi. "Nan aka haife ni. Ni ne dai na manta, na zaci zama yana mai da mutum ɗan gari."

Na yi ta magana har inuwa ta juya. Na iya rarrashi da harsuna biyar, na sha fitar da kaya da mutane daga hannun ma'aikatan iyaka masu taurin kai. Ranar nan Hausa kaɗai nake bukata, ita ma ta ƙi yi mini aiki.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin mota. Ya dafa ƙofar, bai bari na rufe ba. Sai ya fara tambayata mutanen unguwa, ba a warwatse ba, gida bayan gida, kamar yana tafe a layin da zabirarsa. Ya fara daga bakin masallaci. Liman, ƙafar ta yi sauƙi? Gidan maƙera, an yi sunan nan kuwa, wa ya yi askin? Inyamurin nan mai kayan gyaran babur, matarsa ta dawo daga garinsu? Tsohuwa mai ƙosai tana fitowa? Ina amsawa, yana gyaɗa kai, idonsa yana kan hanyar da ta nufi kudu. Ya wuce gidana, ya wuce na biyu, ya wuce na uku. Da ya iso na huɗu, gidan wanda ya doke shi, sai ya tsaya. Na zaci zai tsallake.

"Ƙaramin yaron nasa yana da taushin maɗiga," ya ce. "Ka gaya wa duk wanda zai yi masa aski ya bi a hankali."

Ya saki ƙofar motar.

Matarsa ta koma wurinsa bayan damina, 'ya'yan suka zauna a nan. Na ziyarce shi sau da dama, kullum da wannan tambayar ta gida bayan gida muke rabuwa, kullum layin yana raguwa da mutum ɗaya ko biyu. Tsakanin ƙauyen da ƙofar gidansa na Daura bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Bai sake takowa ba har Allah ya karɓi abinsa.