Mma Sala, wadda ta tsaya tsakanin Kassim da kwanukan dubiya

Kafin ladanin masallacin layinmu ya gyara murya, Mma Sala ta riga ta hura gawayi. Haka na taso na same ta a unguwarmu Maamobi da ke Accra, a kusurwar da lungunmu ya haɗu da hanyar kasuwa, tukunyar ruwa a kan wuta, ƙullun gero a babbar roba, farin ƙyallen tata a kafaɗa. Takan dama koko, ta soya ƙosai, ta tura ɗan dutse ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburinta, sannan ta zauna jiran masu fitowa daga sallah. Mu yara mukan yi layi da kofunan silba, barci bai gama sakinmu ba. Ta san gidan da ake jego, ta san tsohon da ba ya son yaji, ta kuma san mai cewa "na Baba ne" alhali a bayan masallaci zai shanye. Yayana Kassim ne gwanin wannan, kuma kullum sai ta ƙara masa rabin ludayi tana hararar sa.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayin. Gwiwoyi sun gaji, hayaƙi ya ci rabonsa a idanunta, 'yarta Sharifa kuma ta gyara mata ɗaki a Alajo. Za a yi ta yabon kokonta, kuma ya cancanci yabo. Ni abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Ina so in ba da labarin yadda matar nan, wadda ba ta haɗa jini da mu ba, ta tsaya a ƙofar gidanmu ta tsare ran yayana daga ƙaunarmu.

Kassim direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana jigilar kaya tsakanin Accra da arewa. Zama bayan sitiyari da cin abincin tasha suka tara masa jiki. A Zango kuwa ƙiba shaida ce ta Allah ya buɗa wa mutum. Tun bai je Makka ba ake kiransa Alhaji, albarkacin teɓarsa kaɗai, mu ma muna jin daɗin hakan. Sai ciwon suga ya shigo, hawan jini ya biyo baya, sallah ta koma a kan kujera, hawa motarsa ma sai da nishi. Likitoci suka yi ta fama da magani, daga ƙarshe suka ba da shawarar aikin rage tumbi, wato a cire mafi yawan jakar da abinci ke sauka a ciki, a bar 'yar siririya. Aka yi aikin lafiya. Ranar sallama suka ja mana kunne sosai: makonnin farko abu mai ruwa-ruwa kawai, kurɓi bayan kurɓi, ba yaji, ba suga, ba lemon kwalba, domin ɗinkin da ke ciki ɗanye ne.

Duk muka gyaɗa kai. Abin da babu wanda ya tuna ya gaya wa likita shi ne al'adar lungunmu. A wurinmu idan mutum ya dawo daga asibiti, kowane gida sai ya aiko kwanon dubiya, kuma mai kwanon kan zauna sai mara lafiya ya ɗanɗana a gabanta. Idan ta fito, ba a tambayarta ko ya samu sauƙi. Tambayar ɗaya ce daga bakin pampon ruwa har bakin kasuwa: "Ya ci?" In ta ce ya ci, hankalin unguwa ya kwanta. In kuwa kwano ya koma da abincinsa, to an ci mutuncin gida guda, kuma maganar kan daɗe ba ta mutu ba.

Kwanakin farko matarsa Najat ta yi ta ba da haƙuri tana ɓoye kwanuka a madafa. Sai ga Gwaggo Azara daga Sabon Zongo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe Kassim bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta shigo da babban kwanonta mai zanen fure, tuwon zafi da miyar ayoyo da nama, ta dire a gabansa ta buɗe.

"Tashi ka ci. Tun safe nake tuƙi saboda kai."

"Gwaggo, dokta ya ce tukuna."

"Dokta ne ya goye ka? Ni na goye ka. Dubi wuyanka kraa, duk ya rame. Ci small small, ko kaɗan ne, in gani da idona."

A gidanmu ba a katse Gwaggo. Kassim ya dubi fuskarta, ya ga idonta ya kawo ruwa, ya wanke hannu. Bai yi nisa ba zufa ta karyo masa, ya dafe ƙirji, amai ya ƙi tsayawa. Da tasi muka mayar da shi asibiti, ya yi kwanaki ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce Allah ya tsare ɗinkin bai buɗe ba, amma kada mu sa ran a sake tsallakewa. Da muka dawo gida, kwanukan sai suka ninka, domin a lissafin unguwa yanzu ne ma ya fi bukatar abinci.

Washegari da na fito ɗibar ruwa, na tarar da kusurwar koko babu kowa. A iya sanina teburin nan bai taɓa matsawa ba, ko ranar da ruwan sama ya cika lungun. Ga shi kuwa a ƙofar gidanmu, da ɗan dutsensa da komai, Mma Sala tana fifita gawayi kamar nan aka haife ta.

"Fauziya," ta ce mini, "daga yau duk kwanon da zai shiga gidan nan, ta hannuna zai bi. Gobe kuma ki kai ni wurin nas ɗin da ta san maganar abinci. Ina so in ji da kunnena."

Muka je. Ba ta karatu, don haka ta sa ma'aikaciyar ta maimaita mata komai har ya zauna mata: me zai sha yanzu, yaushe zai koma abu mai laushi, me ya sa kifi da ƙwai da wake suke gaba da tuwo, me ya sa ba a son ya sha ruwa yana cikin cin abinci, da ƙwayoyin ƙarin jini da zai riƙa sha har abada. Da ta tambayi girman tumbin da ya rage masa, ma'aikaciyar ta kwatanta mata da yatsu. A hanyar komawa ta tsaya a Nima ta sayi ɗan kofin gilas irin na shan shayin ataya, da ƙaramin faranti na ɗora kofin shayi.

Ba ta kori kowa ba, kuma nan ne gwanintarta take. Gida-gida ta bi tana raba aiki: ke ki yi romon kifi ba mai ba barkono, ke ki jira har a ba shi izinin ƙwai, ke kuma wakenki sai wata mai zuwa, a niƙa shi luƙwi. Mai kwano ta zo, Mma Sala ta tace romon da ƙyalle, ta zuba a kofin ataya, ta shiga da ita ɗakin, Kassim ya kurɓa a gabanta. Matar ta fito da gaskiyarta ta ce ya ci. Sauran abincin kuma ya wuce wurin 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwa, kwano ya koma gida a wanke. Wanda ya kawo abin da ba shi da gyara, irin su lemon kwalba ko soyayyen nama, sai ta tare shi tun daga waje.

"Ba Kassim ya ƙi ba, ni na hana. In zagi ne, ga ni nan a zaune."

Ta kuwa sha zagin. An ce ta mai da kanta likita, an ce ta raba ɗa da danginsa, wasu suka daina sayen kokonta. Sau ɗaya kawai na ji ta yi maganar da ta shafi kanta, ranar da na tambaye ta ko ba ta gajiya. Ta ce maigidanta Ɗanbala, wanda suga ya yi ajalinsa tun muna ƙanana, bai taɓa iya mayar da kwanon kowa ba. Daga nan ta ci gaba da tankaɗe garinta.

Mma Sala, ke ce kika riƙa tace masa koko har ya yi tsinkewar da ake so, ba kanumfari ba barkono ba suga, kina tsokanarsa wai yau kokon jarirai Alhaji zai sha. Ke ce kika zauna da shi ranar da ƙamshin waakye, shinkafa da waken nan, ya shigo ta taga ya fashe da kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya. Mu kunya ta kama mu, muka rasa inda za mu duba. Ke kuwa kika ce masa ya yi kukansa, tsohon aboki ne ya rabu da shi, kuma zai sake cin waakye in lokaci ya yi, sai dai a ɗan faranti.

Ke ce kuma kika fitar da shi daga ɗaki. Likita ya ce ya riƙa tafiya, shi kuwa kunyar idon mutane ta hana shi. Sai kika ƙirƙiro cewa kina bukatar ɗan rakiya zuwa injin niƙa bayan la'asar, ke da kike ɗaukar bokitin gerorki ke kaɗai tun kafin ya yi gemu, kuma ko taɓa bokitin ba ki bari ya yi ba. Da farko a bakin lungu yake tsayawa yana haki. Sannu a hankali ya kai gadar babbar gota, daga baya har filin Kawokudi, ke a gaba da bokiti a ka, shi a baya cikin jallabiyar da ta fara yi masa yawa.

Da jiki ya fara zubewa sai sabon surutu ya tashi. Wasu suka ce mugun ciwo ne ake ɓoyewa, wasu suka ce sammu, wasu suka ce karayar arziki ce ta same shi. Ya daina zuwa majalisar abokansa, inda tun samartaka suke haɗa hannu a tire ɗaya. Mma Sala ta cusa masa ɗan farantin nan a aljihu ta ce ya je ya zauna, ya ɗebi nasa daga tiren, ya tauna a hankali, duk wanda ya yi dariya ya turo mata shi. Sun yi dariyar, har suka sa masa suna Alhaji Sosa, wato mai ɗan farantin shayi. Amma ya koma cikinsu, kuma ranar da ya yi sujada a ƙasa ba tare da kujera ba, su ne suka fara kawo mana labari.

Abu ɗaya ya rage yana cin Kassim. Gwaggo Azara ta ɗauke ƙafa. Ta ce tunda mai koko ce ke mulkin gidan ɗan'uwanta, ita ta haƙura. In ya kira ta, gaisuwa kawai take amsawa. Na san ya fi jin zafin wannan a kan yunwa, domin shi a duniya ita ce uwa. Wata ranar Laraba Mma Sala ta tashi kasuwa da wuri, ta hau motar haya ta trotro da gwiwoyin nan nata har Sabon Zongo. Jikar Gwaggo ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce bayan gaisuwa, Mma Sala ta kwance bakin zanenta ta ajiye kofin ataya a gaban Gwaggo.

"Hajiya, cikin ɗanki ke nan yanzu. Ban zo in hana ki ciyar da shi ba. Abincinki yake so fiye da na kowa. Na zo in nuna miki inda za ki zuba ne."

Gwaggo ta riƙe kofin, ba ta mayar da shi ba.

Ranar Babbar Sallah, gida cike da baƙi, sai ga ta da kwanon nan mai zanen fure. Najat ta dube ni, na dube ta. Mma Sala tana zaune a ƙofa, ta matsar da ƙafarta ta ba ta hanya, ba ta ko miƙa hannu ba. Gwaggo ta dire kwanon a gaban Kassim ta buɗe. A tsakiyar babban kwanon akwai ɗan faranti, a kansa tuwo mai laushi da bai wuce girman ƙwai ba, da miyar ayoyo, da kifi da ta zare wa ƙaya ta marmasa da hannunta. Ya ci a hankali, yana ajiye hannu tsakanin loma da loma, ita kuma tana zaune ba ta hanzarta shi ba, har baƙi suka gama cin namansu suka wanke hannu. Da ta fito, Mma Sala ta ɗago kai.

"Hajiya, ya ci?"

"Ya ci," in ji Gwaggo. "Ya cinye tas."

Teburin ya daɗe da komawa kusurwarsa, kuma nan da 'yan kwanaki za a ɗauke shi gaba ɗaya. Ina tuna layin kofunan silba, ina jin kewar safiyar da ba za ta dawo ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ga masu karatu kuwa roƙona ɗaya ne. Aikin rage tumbin nan ya fara yawa a cikinmu, haka masu suga da masu hawan jini. Kada mu daina kai kwanon dubiya, al'ada ce mai kyau. Amma kafin mu ɗora tukunya, mu tambayi abin da aka yarda mutum ya ci, kuma in ya ce ya ƙoshi, mu yarda. In babu mai tsayawa a ƙofa, ɗayanmu ya tsaya, ko da zai sha zagi.

Mma Sala, mai ƙyallen tata, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki gwiwoyin nan, ya jiƙan Ɗanbala. Kassim ya ce in gaya miki ya auna hanyar Alajo da ƙafa, kuma ba ta fi ƙarfinsa ba. Zai riƙa zuwa bayan la'asar ya fito da ke ki taka, domin wai yana bukatar 'yar rakiya.