Rabin Abin da Ka Tambaya

Shekara ashirin da biyu Mai Sabulu ta yi tana dafa sabulun wanki a rumfar bayan gidanta, har soda ta cinye mata zanen yatsu. Mace ce mai gaskiya, wani lokacin ma har gaskiyar ta yi mata yawa. Shaguna shida take kai wa kaya, ba ta taɓa fifita wani a kan wani ba. In kaya sun yi ƙaranci, dokarta ɗaya ce: kowa ya karɓi rabin abin da ya tambaya, ko da surukinta ne.

Shekarar da jirgin da ke kawo soda ya makara, dokar ta tashi aiki. Mai shagon bakin titi ya ce kwali goma, ta ba shi biyar. Da sati ya zagayo sai ya ce ashirin. Sauran ma suka bi sahu, kowa ya ninka nasa. Ita kuwa baiwar Allah, sai ta ɗauka gari ne ya farga da kyan sabulunta.

Ta aika aka kira mata ƙanenta, mai kula da inji a kamfanin robobi, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ga matarsa da tsohon ciki.

"Ka baro musu aikin nan," ta ce. "Kasuwa ta buɗe, hannuna biyu ba sa isa."

"Yaya, albashi fa ba abin wasa ba ne. Kin tabbata?"

"Ni zan yaudare ka? Ni da na goya ka?"

Ya ce to. Ƙarshen wata ya ajiye aikin.

Wajen dillalin soda ma layi ake yi, shi kashi ɗaya cikin uku yake ba kowa. Buhu ashirin take so, saboda haka ta ce a rubuta mata sittin. Abin haushin shi ne, ta fito tana jin daɗin wayonta, ko kaɗan bai zo mata a rai ba cewa masu shago ma suna da kai.

Bayan wata biyu jirgi ya iso. Wata safiya babbar mota ta toshe lungunsu, aka sauke buhu sittin cif, har tsakar gida babu wurin shanya. Ta dake, ta karɓi kayan. Sati uku ita da ƙanen suna kan tukunya, hayaƙi na cin idanunsu, kwalaye suka kai rufin ɗaki.

Ta kai wa mai shagon bakin titi ashirin ɗinsa cikakku. Ya dubi kayan, ya sosa ƙeya.

"Uwar ɗaki, goma za ki sauke."

"Ba kai ka ce ashirin ba?"

"Na ce ashirin ne don in samu goman. Ai ke kika koya mana lissafin. Mutane ba su ƙara yawan wanki ba."

Shago na biyu haka, na uku haka. Na huɗu ma cewa ya yi ya ɗauko a wani wuri lokacin ƙarancin, a tuntuɓe shi wata mai zuwa. Aikin da ya rage bai wuce na mutum ɗaya ba, kamar yadda yake tun farko.

Ba ta nufi gida ba. Ta wuce kamfanin robobi, ta tsaya a rana awa guda kafin manaja ya ba ta izinin shiga. Ta roƙe shi ya mayar da ƙanenta bakin aiki, irin roƙon da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Bai yi mata wulaƙanci ba. Ya dai nuna mata ta taga wani baƙon mutum tsaye gaban injin, ya ce an cike gurbin tun satin farko.

Kunya ce ta riƙe mata ƙafa a ƙofar gida. Daga ciki tana jin ƙanen yana yanka sabulu yana 'yar waƙarsa, ya riga ya ɗora wata tukunyar. Ya ɗago ya gan ta, fuska duk gumi, yana murmushi.

"Yaya, sun ce a ƙara ko? Kwali nawa za mu yi gobe?"

Ta sauke mayafinta a kan buhun soda, ta jawo masa kujera.

"Kashe wutar nan," ta ce. "Zo ka zauna."