Wanda Ya Faɗo Daga Tsani

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, farkon shekarun casa'in, malaminmu na tarihin silima ya ba ni aikin rubutu a kan gwaninsa, wani ɗan barkwanci na zamanin da fim ba ya magana. Malamin ya yi masa littafi sukutum, kuma duk littafin a kan magana ɗaya ya jingina: wai tun daga wasan titi har ya kafa kamfaninsa, mutumin bai taɓa sa wani ya faɗi a madadinsa ba. Ni kuwa takardar shaida nake nema daga hannun malam, don sai da ita zan samu gurbin digiri na biyu.

Ban taɓa ganin abin dariya a mutumin ba. Fuska kamar an tsoma ta a garin rogo, wando ya yi masa yawa, yana zare ido yana jiran tafi. Amma aiki aiki ne. Kullum bayan azahar sai in zauna a ɗakin ajiyar finafinai, ina murza fim ɗin da hannu, hoto bayan hoto, ina rubutawa.

A nan na gani. In faɗuwar ƙarama ce, daga kujera ko bakin kwata, da tafin hannu yake tarar ƙasa, fuskarsa na kallon kyamara kada a manta da shi. In daga tsani ne ko rufin gida, sai mai faɗowar ya dunƙule, ya sauka a kafaɗar hagu, ya ɓoye fuska. A garin 'yan kokawa na tashi. Ban taɓa shiga fili ba, amma na san kowa da irin faɗuwarsa. Mutum biyu ne.

Na gaya wa kawuna, wanda nake zaune a wurinsa a titin Grand Concourse, can ƙasar wajen da nake karatu, yana goge takalminsa na aikin asibiti.

"To kai ina ruwanka, malam boko? Mai faɗowar ɗan gidanku ne?"

"Kawu, ko sunansa ba a rubuta ba."

"Kai ma naka ba za a rubuta ba. Karɓi takardarka, ka bar matattu su yi ta faɗowa."

Duk da haka na kai wa malam hotunan. A ofishinsa akwai hular gwanin nasa cikin gilashi, ya sayo a gwanjo, yana kakkaɓe ta kamar kayan gado. Bai ko ɗaga tabarau ba. Ya ce ƙila a ƙasarmu ba a saba da irin wannan raha ba, in cire babin da na rubuta a kan faɗuwar in huta. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kallon fim ɗaya bai taɓa duban kafaɗa ba, shi ke koya mini gani.

Na ce to, don ban iya musu baki da baki ba. Na koma gida na ƙara wa babin shafi huɗu, na bai wa sakatariyarsa lokacin da na tabbata ba ya nan.

Takardar shaidar ta zo, layi biyu. Ta ce ni ɗalibi ne mai zuwa aji a kan lokaci, kuma rubutun hannuna yana da kyau. Gurbin wani ya samu.