Yadda Yaya Haruna Ya Hana Ni Gini a Kwari

Duk wanda ya san Yaya Haruna a unguwarmu ya san ba a gaisawa da shi da safiyar sanyi sai an yi haƙuri. Sallama kam yana amsawa, kada in ɗauki alhakinsa. Amma da ka ce "Ina kwana?" sai ya ɗaga maka hannu, ya zaro ɗan gwangwanin toka daga aljihu, ya ɗebi kaɗan ya watsa sama, ya bi ta da ido har ta sauka. Sannan ya ce, "Lafiya lau. Yau iska ta yi lalaci, kowa zai sha hayaƙinsa." Wani lokaci a kan hularka tokar take sauka. Ba ya ba da haƙuri, wai kai ka tsaya a hanyar iska.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi boko, ya yi aikin duba-gari a nan Daura har ya yi ritaya. Ni a firamare na tsaya na kama ɗinki. Sunana Isuhu, amma tun muna yara Sarkin Fargaba yake ce mini, kuma ban musa ba. A shekarun nan ina da dalilin fargaba: matata Hadiza tana da ciwon fuka. Da sanyi ya shigo sai numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar usur, mu yi ta zaryar asibiti. Ni a ganina sanyi ne abokin gabarta. Shi ya sa na nemi fili a kwari, bayan unguwa, inda iska ba ta kaɗawa, don in gina mata ɗaki mai ɗumi.

A daidai lokacin ne ɗan Yaya da ke jami'a ya kawo masa tsohuwar kwamfuta, ya zuba masa taswirar unguwarmu a ciki, an rarraba ta gida-gida kamar ramukan dara. Yaya sai ya shigar da inda iska ke fitowa, da ƙarfin sanyi, da duk wutar da ake hurawa: gidan burodi, masu ƙosai, masu babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya, juji, da masu jin ɗumi da kara a bakin hanya. Na'urar ta yi lissafinta, ta shafa ja a inda hayaƙi zai kwanta gobe da safe. Ya raɗa mata suna Malama. In ya ce "Malama ta ce," to magana ta ƙare!

Ni abin bai kwanta mini ba. Ƙarfe ya faɗi abin da zai faru gobe? Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba, na lallaɓa wajen limaminmu a ɓoye. Ashe Yaya na zaune a zauren. Na fara kame-kame.

"Allah gafarta Malam, dama tambaya ce. In mutum yana da wani abu a ɗaki da ke gaya masa gobe..."

"Ni yake nufi, Malam," in ji Yaya. "Sarkin Fargaba, in Hadiza ta ga hadari ya haɗo ta kwashe shanya, bokanya ce?"

"A'a, Yaya."

"To Malama ma shanya take kwashewa."

Liman ya yi dariya, ya ce muddin ana cewa in Allah ya so, babu laifi. Ran nan Yaya ya rubuta "In Allah ya so" a takarda ya manna a goshin kwamfutar, wai tunda ba ta da baki ya faɗa mata sau ɗaya ya huta.

Maƙonsa kuwa kun san shi. Aka ce akwai na'urar auna hayaƙi ta sayarwa, ya ce ba da shi ba. Ya yayyanka farin yadi, ya shafa wa kowane ƙyalle man shafawa, ya rataya a bishiyoyin unguwa. Bayan mako ya tattaro: inda ƙyalle ya fi baƙi, nan hayaƙi ya fi yawa, sai ya gwada da jan Malama. Kafin ya rataye su, ni ya kawo wa in kalmashe bakin ƙyallayen a keke.

Na ce, "Yaya, kamar na san yadin nan."

"Ɗinki aka kawo maka, ba bincike ba."

Washegari sai ga matarsa, Yaya Binta, a shagona. "Isuhu, ko ka ji labarin farin zanen gadona da na zo da shi daga Makka?" Innalillahi! Ga sauransa nan a ƙarƙashin allurata. Ni ban iya ƙarya ba, na faɗa. Da ta tare shi sai ya ce, "Binta, shekara nawa yana kwance a akwati? Yanzu unguwa yake yi wa aiki."

Ta ce, "To unguwa ta tuƙa maka tuwo."

Kwana biyu a gidana ya ci abinci.

Sau ɗaya na san Malama ta sha ƙasa. Ta shafa ja wur a kwanar masallaci, Yaya ya bi gida-gida yana cewa masu tari kada su bi ta nan. Gari ya waye, kwana fes! Mutane suka yi ta masa tsiya. Ya shiga cigiya, sai ya gano Ladi mai ƙosai ta tafi biki Mashi, ba ta hura wuta ba. Ranar da ta dawo yana tsaye a gaban kaskonta.

"Ladi, haka ake yi? Ki yi tafiya ba sallama? Kin ɓata mini lissafi!"

"Baba Haruna, ba kai ke cewa hayaƙina ya dame ka ba?"

"Ya dame ni mana. Amma ya dame ni a kan lokaci!"

Har ya rasu bai yarda Malama ta yi kuskure ba. Ladi ce ba ta zo aiki ba.

To sai maganar filina. Na nuna masa wurin a taswira, ya ce, "Nan? Ja ne kullum." Na ce ai babu iska. Ya ce, "Shi ne ciwon. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take ta kwanta a kwari kamar ruwa a kwano, mai ɗumi ta rufe ta kamar faifai. Hayaƙin unguwa duka a nan yake taruwa. Kai kuma ka rufe taga ka ajiye mata kaskon garwashi. Matar aure kake jinya ko kifi kake banda?"

Na ji haushi, na ƙi ji. Na sa magina suka haƙa harsashi. Ranar da za a fara ɗora bulo muka tarar da shi zaune a kan tabarma a cikin ramin, da butarsa.

"Ku zuba siminti," ya ce. "Ina ciki."

Na roƙe shi, magina suka roƙe shi. Ya ce zai fito da sharaɗi ɗaya: gobe bayan sallar asuba in bi shi kan tudu. Na bi shi. Muka tsaya har gari ya yi haske. Wallahi da idona na gani: ko'ina sarari, amma filina ba a ganinsa. Hayaƙi ya kwanta a kai shuɗi-shuɗi, ba ya motsi, sai kan bishiyar darbejiya kaɗai ke leƙowa. Na ce, "Yaya, nan na so in kwantar da Hadiza?"

Bai yi mini tsiya ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya zaro takarda ya miƙo mini. Takardar filinsa ce na kan tudun, inda muke tsaye, wanda ya daɗe yana cewa nan zai gina ɗakin hutawarsa.

"Kawo naka. Musaya muka yi."

"Yaya, me za ka yi da kwari?"

"Rogo zan shuka. Rogo ba ya tari."

A kan tudun na gina mata ɗaki mai taga biyu, kasko kuma ya koma tsakar gida. Ban ce ta warke ba, ba na son ƙari a magana: har yanzu tana shan maganinta. Amma sanyi ya zo ya wuce sau da yawa ba mu kwana asibiti ba. Shi kuwa bai gina ɗakin hutawa ba har Allah ya karɓe shi, da damina, bayan an ɗauke ruwa, iska garau.

Ya Allah, bawanka Haruna ya bar wa wata baiwarka wurin numfashi. Ka yalwata masa makwancinsa, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa ƙamshin Aljanna ya zama abin shaƙarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.