Ranar da Na Leƙa Rumbun Kawuna

Shekarun baya can, shekarar da Libiya ta rikice mu kuma damina ta yi mana rowa, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye na karkarar Guna. Ƙauyen su mahaifiyata ne. Ni haifaffen Zangon Damagaram ne, amma da aiki ya kai ni can sai na zama "Mushe", yadda ake kiran malamin lakwal, a bakin kowa, har da kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya san ni tun ina yawo ba wando. Jama'a, a lokacin nan ina ji da kaina ba kaɗan ba. Alƙalamin bik biyu nake maƙalawa a aljihun gaba, ja da shuɗi, ko ranar da babu lakwal.

Gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Kafin rani ya yi nisa mata sun koma jiƙa anza, a zubar da ruwan ɗaci a sake jiƙawa, don a samu abin sawa a baki. Sai wata ƙungiyar agaji ta aiko cewa za ta raba hatsi, amma sai gidan da rumbunsa ya ƙare. Aka naɗa mu uku mu bi gida-gida: mai gari, liman, da ni mai rubutu. A al'adarmu ba a leƙa rumbun magidanci, ko matarsa ba ta hawa. Yunwa ce ta sa kowa ya haɗiye wannan kunyar.

To kawuna yana da ɗa sa'ana, taubashina, wanda ya daɗe a Libiya yana aikin gareji. Da yaƙi ya ɓarke ya dawo da bargo ɗaya da surutu mai yawa. Kullum muka haɗu sai na ce masa, "Kai, mutumin Libiya, ina tsarabata?" Shi kuma ya ce ɗan birni ba ya cin tsarabar talaka. Tun dawowarsa turmin gidansu bai daina ƙara ba, alhali na maƙwabta duk an kife su. Mutane suka fara ƙus-ƙus cewa kawu ya ɓoye gero. Har na ji wata tsohuwa a bakin rijiya tana cewa, "Za mu gani ko Mushe zai leƙa na kawunsa." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Da hantsi muka isa gidan, jama'a na biye da mu. Kawu ya fito ya tsaya gaban rumbu ya ce, "Ku wuce, ɗan nan. Ba na son agajin. Kada ka rubuta ni."

Na ce, "Kawu, kowa an leƙa nasa."

"Na ce ba na so. Ko dole ne?"

Sai surutu ya tashi a baya. Wani ya ce ai dama sun faɗa. Ni kuwa girman kai ya ɗebe ni, ina son a san Mushe ba ya son kai. Na ce, "Ka yi haƙuri, Kawu, aiki ne." Na kewaye shi, na jingina tsani, na hau, na ture jinkar da ke rufe da bakin rumbun.

Wari ne ya fara buguna, warin man inji irin na garejin Zango. Da idona ya saba da duhun ciki sai na ga dogayen abubuwa a jere, an naɗe su da barguna da leda. Bargo ɗaya ya zame. Bindiga ce, irin ta soja, sabuwa fil, tana ƙyalli. Gefenta wata, ƙarƙashinta wasu, sun fi yatsun hannuna biyu. A gindi akwatunan katako ne da rubutu a jiki. Ina karanta Faransanci, ina karanta Larabci, amma ko harafi ɗaya ban gane ba. Innalillahi! A rumbun da na sha cin geronsa ina yaro!

Mai gari ya ɗaga murya daga ƙasa: "Mushe, me ka gani?"

Na waiwaya. Kawu ya sunkuyar da kai. Matarsa na bakin ɗaki da jikoki. Taubashina ya jingina da darni yana kallona, karo na farko da na ga fuskarsa babu dariya. Na san in na faɗi abin da ke ciki, kafin azahar jandarma sun zo, kuma shi za su ɗauka su kulle, ba kwana ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Na mayar da jinka na ce, "Ranka ya daɗe, babu ko ƙwayar hatsi."

Liman ya ce a nemi gafarar bawan Allah, zato zunubi ne. Masu surutun suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba kawu haƙuri. Ni kuma na rubuta sunansa cikin masu karɓar agaji.

Da la'asar na ja taubashina bayan gari, gindin wani gawo. Na ce, "Ka haukace ne? Mene ne wannan?"

Ya ce, "Ka rage murya, Mushe. Ajiya ce."

Ya ce a can Libiya, da gwamnati ta faɗi, rumbunan makamai a buɗe aka bar su, kowa na kwasa kamar itacen girki. Maigidansa na gareji shi ke lodi. Kayan su keto hamada a ƙarƙashin buhunan dabino, daga wannan hannu zuwa wancan, shi nasa kawai ya ajiye har mutanen kudu, na tsallaken iyaka, su shirya karɓa.

Na ce, "Su waye mutanen?"

"Ban tambaya ba."

"Me za su yi da su?"

Ya dube ni ya ce, "Farautar kurciya. Haba Mushe, kai ne fa mai ilimi."

Na hau shi da faɗa, na kawo Allah na kawo Annabi. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Tuwon da ka ci jiya a gidanmu har kana neman ƙari, daga ina kake tsammani? Da buhun gero suke sallamata." Ya rantse mini wannan ne na ƙarshe, daga shi ya bari.

Kada ku ce ban yi yunƙuri ba. Wata ranar Alhamis na hau kabu-kabu har Mirriya, har ƙofar jandarma. Na tsaya ina kallon ƙofar, ina tuna fuskar mahaifiyata ranar da za a ce mata ɗanta ya ɗaure ɗan wanta. Ƙarshen jarumtata dai, ruwan leda na saya na sha, na hau wani kabu-kabun na koma.

Bayan kwana goma aka fitar da kayan a amalanke, an lulluɓe su da kara. Taubashina ya bi su don ya miƙa hannu da hannu. Ya ce wa uwarsa kafin Juma'a ya dawo. Juma'a ta wuce, wata ta wuce. Sai wani direba mai bin hanyar Magarya ya zo da labari. An tsinci gawarsa da ta wasu mutum biyu a wani kwari, tsallaken iyaka. Masu karɓar kaya sun karɓa, sannan suka harbe waɗanda suka kawo don kada a samu wanda ya san fuskarsu. Mutanen wani ƙauye ne suka yi musu sutura. Ko kabarinsa ba mu gani ba.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, kawu ya kira ni cikin zaure. Na zaci godiya zai yi mini, har ina shirya abin da zan ce. Sai ya ce, "Ɗan nan, me ya hana ka faɗa?"

Na ce, "Kawu, kai fa ka tare ni."

"Na tare ka don kunya. Amma da na ga ka hau, wallahi addu'a nake Allah Ya buɗe bakinka. Na yi masa faɗa har na gaji. Ni uba ne, ba zan iya kai shi da hannuna ba." Ya share ido da bakin rawani. "Da ka faɗa, da yanzu yana gidan kaso a Damagaram, uwarsa na kai masa fura."

A watannin da suka biyo, duk sanda rediyo ta ce an shiga wani ƙauye a tsallake an kashe mutane, sai na kashe ta na fita waje. Ban san inda bindigogin nan suka ƙare ba, ban san ko gida nawa suka sa kuka ba. Wanda ya ƙera su bai taɓa jin sunan Guna ba, amma ni na gan su da idona, ina kan tsani, gari guda na jiran bakina.

Kawu ya rasu bai gaya wa kowa ba. Mahaifiyata kuwa abin da ya kai mata Zango shi ne ɗanta ya wanke wanta daga zargin ɓoye hatsi a gaban jama'a. Har ta bar duniya, in ta tuna sai ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ka rufa wa gidanmu asiri." Nakan sunkuyar da kai in motsa leɓe, amma ban taɓa iya cewa amin ba.