Abin da Jinin Tambaya Ya Faɗa

Mijina dillalin shanu ne, a kara, wato kasuwar shanu, Tambaya ake ce masa. Sunan ne kawai, don ko ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya yi nazari kafin ya amsa. A Djougou aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana goye, yayarsa Hadjo ta raine shi, har yau kuma gani take aronsa ta ba ni. Mu muna Parakou, amma duk ranar kasuwar Djougou sai ya biya ta wurinta ya ci tuwo. Ni na san gishirin miyarsa, na san tarinsa tun daga bakin zaure, ina ɗauka na gama saninsa.

Wata Laraba da hantsi ya faɗi a kara, hannu dafe da ƙirji. Kafin in gama neman mayafi, Hadjo ta kamo hanya daga Djougou. Wa ya gaya mata? Oho.

A asibiti aka ɗebi jininsa a 'yar kwalba, can anjima aka sake ɗiba. Likitar, wata doguwa mai suna Rachida, ta zaunar da mu ta ce idan naman zuciya ya ji rauni, akwai sinadarin da yake zubowa cikin jini, troponine, kuma nasa ya hau sosai, yana ma ƙara hawa. Sauran awon ma bai yi mata daɗi ba. Tana zaton jijiyoyin zuciyar sun daɗe da ƙuntata, sai an kai shi Cotonou an leƙa a tabbatar. Na ji haushin 'yar kwalbar nan. Mutumin da na tsufa a ɗakinsa bai gaya mini ba, ya gaya wa cokali guda na jini.

"Madam, tun yaushe yake jin ciwon ƙirji?" in ji likita.

"Yau ne farko," na ce, har da gyara zama.

Hadjo ta sunkuyar da kai. "Tun kafin layyar bara ne, dokta. In ya hau tudun gidana sai ya zauna ya huta. Ciwon yana sauka har hannun hagu."

Na dube ta. "Yaya, kin sani?"

"Shi ya ce kar a gaya miki, Saratu, wai ba za ki iya barci ba."

Wataƙila tausayina ya ji. Ni dai kishi na ji, mai ɗaci, irin wanda ban taɓa yi da wata mace ba.

Likita ta ce motar asibiti mutum ɗaya take ɗauka tare da majinyaci, kuma gara wanda zai iya amsa tambayoyin likitocin can. Ba wanda ya dube ni.

Na koma gida na haɗa masa kaya, riguna masu taushi da carbinsa. Na dawo na miƙa wa Hadjo jakar, na ce kar ta bari a cika masa gishiri. Ta ce ta sani.