Kwalin da Aka Liƙe a Tagar Banɗaki

A ƙungiyarmu ta ɗalibai mata 'yan Arewa da ke Alƙahira, duk sabuwar da ta zo ana haɗa ta da wata tsohuwar ɗaliba, a ce ga yayarki. Ke za ki taro ta a filin jirgi, ki raka ta neman iƙama, wato takardar izinin zama, ki koya mata tsallaka titi ba tare da ta rufe ido ba. Ba a tambayarki ko kina so. Ina aji huɗu a karatun likita aka ba ni tawa, wata siririyar yarinya daga Gusau, wadda ta haddace izu sittin a gaban mahaifinta, ta zo koyon ƙira'o'i. A shekarar kuma aka ɗora min kula da lafiyar 'yan ƙungiya, don ina karatun likita, kuma don sun san bakina ba ya shiru.

Ni a Giza nake zaune, kusa da makarantarmu. Ita kuwa gidan ƙungiya aka sauke ta, wani bene a gabashin gari gab da unguwar Arba wa Nus, inda 'yan karatun addini ke zama. Gidan 'yan hadda muke ce masa. Mai kula da su amira ce, wata 'yar Katsina da ta girme mu duka, mai haƙuri da tsoron Allah. Ina faɗin haka ne tun yanzu, don kada abin da zan faɗa daga baya ya sa a ɗauka muguwa ce.

Ƙanwar tawa ba ta iya zama wuri ɗaya in tana tilawa. Daga ƙofar falo zuwa baranda take kai da komowa, hannu a baya, kamar tsohon da ke duba gonarsa. In na je sai ta haɗa min shayi mai sukarin da zai kashe doki, ta zauna tana kwaikwayon Larabcina.

"Yaya, Larabcin nan naki na masu tumatir ne. Khalas, tamam, ma'alish, shi ke nan jarinki."

"Da shi nake sayo miki tumatir ɗin ai, marar kunya."

Na so yarinyar nan. Ban taɓa yin ƙanwa mace ba, a gidanmu maza ne ke bi na.

Sai sanyi ya shigo. Wanda bai yi watan Janairu a benen Alƙahira ba bai san abin da nake nufi ba. Tayil ɗin ƙasa kansa cizo yake. Ba mai iya taɓa ruwan famfo, don haka kowane gida da sakhan, wato akwatin ƙarfen nan mai dafa ruwa da gas. Kina buɗe famfo wuta za ta kama a cikinsa, ruwa ya fito da zafi. A gidajen kirki a kicin ake kafa shi, ko a yi masa bututun da zai fitar da hayaƙi waje. A gidan 'yan hadda cikin banɗaki yake, babu bututu, babu komai. Abin da kawai ke kai iska ɗakin wata 'yar taga ce da ke buɗewa cikin manwar, ramin nan da ake bari a tsakiyar bene tun daga ƙasa har sama, inda tagogin banɗakin kowa ke kallon juna.

Wannan tagar suka toshe. Wata rana ɗaya daga cikinsu tana wanka ta ji tarin namiji daga tagar da ke kallon tasu, ta fito tana kuka. A ranar amira ta sa aka yanko kwali aka liƙe tagar da salatif, gefe da gefe, ko allura ba za ta wuce ba. Ba gidansu kaɗai ba. Duk gidan 'yan matanmu da na shiga a unguwar haka na tarar, wasu har da tsumma a ƙasan ƙofa don kada sanyi ya shiga.

Ranar da na fara gani, hannu na sa na ɓalle kwalin. Na tara su a falo na yi musu bayani. Na ce wutar nan in ba ta samu iska ba, wata guba take fitarwa, ba ta da wari, ba ta da launi. Kai zai fara sarawa, jiri ya biyo, sai mutum ya faɗi, in ba a fito da shi ba sai dai gawa. Suka saurara da ladabi, don yaran akwai tarbiyya. Amira ta bari na gama.

"Likita, mun ji. Amma iyayen yaran nan amanar mutuncinsu suka ba ni. Ba zan bari su tuɓe a gaban tagar maza ba."

"A sa labule, Amira. A bar sama a buɗe. Labule na tare ido, ba ya tare iska."

"Muryar fa? Ƙarar ruwan fa? Namiji na ji ya san mace ce a ciki."

Da na koma bayan mako na tarar da sabon kwali, wannan karon na kwalin madara. Na sake ɓalle shi. Haka muka yi ta yi, har yaran suka sa min suna mai yaƙi da kwali. Na kai maganar taron ƙungiya, na ce a matsa wa mai gidan ya fitar da sakhan ɗin zuwa kicin. Aka ce magana ce mai kyau, a bari a gama jarrabawa. A ƙungiyarmu duk abin da aka ce a bari a gama jarrabawa, an yi masa jana'iza ke nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, gubar ta riga ta fara taɓa su, su kuma sun ba ta wani suna. Yarinya za ta daɗe a wanka, ta fito tana layi, ta zube a bakin ƙofa. Sai a ɗauko ta a shimfiɗe a falo, inda ƙofar baranda take a buɗe, a kewaye ta da ruƙiya. Kafin a yi nisa ta buɗe ido. To wa zai gaya musu ba karatun ne ya tashe ta ba? Kowa ya taso da sanin banɗaki matattarar aljanu ce. Ga shi a banɗaki ake faɗuwa, ga shi ana yin ruƙiya ana tashi. Suka ƙara ƙaimi wajen addu'ar shiga, suka daina shiga da ƙafar dama ko da mantuwa. Na ce musu ban musa aljanu ba, ni ma da addu'ar nake shiga, amma wannan iskar baranda ce ke tashin su. Wata ta ce a hankali, likitoci dama haka suke.

Ƙanwata ta faɗi sau ɗaya a haka. Ba ita ta gaya min ba, a bakin wata na ji. Na same ta a baranda na yi mata tatas, har sai da idonta ya kawo ruwa. Na ce in za ta yi wanka ta dafa ruwa a tukunya ta juye a bokiti, kamar yadda uwarta ke yi a Gusau, ko ta ɓalle kwalin.

"Yaya, ni ce ƙarama a gidan. Ya zan ɓalle abin da amira ta liƙa?"

"To bokiti."

"Na ji, zan yi."

Ta yi na 'yan kwanaki. Amma tukunyar gidan ɗaya ce babba, kullum da wake ko taliya a ciki, ga layin masu shiga banɗaki da safe. Kuma ita sanyi ba ya mata da sauƙi, da safa biyu take kwana.

Ranar wata Juma'a da hantsi, duk gidan suka tafi walimar wata da ta sauke. Ita ta ce za ta biyo su, tana so ta tsefe kai ta wanke. Wankin kan mace ba abin minti biyar ba ne, balle irin nata mai cika. Ba wanda ya san tsawon lokacin da ta yi a zube a ƙasan banɗakin. Wata ce ta dawo ɗaukar faranti ta ji ruwa na zuba, ta buga ƙofa shiru. Ta kira sauran, suka ɓalle ƙofar, suka suturta ta, suka kai ta falo. Ranar an rufe baranda saboda iska. Suka zauna suka fara karatu, kamar yadda suka saba, suna jiran ta buɗe ido kamar yadda kowa ke buɗewa.

Sai da aka kira sallah aka idar ba ta motsa ba, sannan amira ta kira ni. Ina cin abinci a ɗakina. Ban san irin muryar da na yi ba, abokiyar zamana dai ta ce ba ta taɓa jin ta ba. Na ce su buɗe duk wata taga, su sauko da ita, su tare kowace mota su kai ta asibiti mafi kusa, su ce sakhan ne. Kalmar kaɗai ta isa, duk ma'aikacin asibiti a garin nan ya san ta. Na fito da silifas, na tari tasi. Daga Giza zuwa can tafiya ce, ko ranar Juma'a. Direban ya ga ina kuka, ya kashe rediyonsa.

Na same ta da abin iskar numfashi a fuska. Amira na tsaye a jikin bango, hijabinta jiƙe da ruwan gashin yarinyar. Duk hanya ina tanadin abin da zan gaya mata, kalma bayan kalma. Da na ga fuskarta sai na kasa. Ta kama hannuna ta ce, "Likita, za ta tashi?" Na ce ban sani ba.

Ta tashi a rana ta biyu. Muka yi ta hamdala, aka yi sadaka, aka dafa shinkafa. Ta gane ni, ta ce tana jin yunwa. Aka sallame ta, na ɗauke ta zuwa ɗakina a Giza, don na rantse ba za ta sake kwana a gidan can ba. A makon ƙungiya ta sa aka fitar da sakhan ɗin zuwa kicin. Aikin bai ci wuni ɗaya ba, jarrabawa kuma ba a ko fara ta ba.

Na san daga karatu cewa gubar nan kan yi kwanton ɓauna, ta bar mutum ya warke sannan ta dawo ta kan ƙwaƙwalwa. Na sani, ina ta roƙon Allah kada ya zama ita. Bayan kamar mako uku na lura ta daina kai da komowa. Za ta ɗora ruwan shayi ta manta. Za ta tambaye ni yau wace rana, in faɗa, ta sake tambaya. Wata safiya na ji ta fara tilawa daga gado, ta yi aya biyu ta tsaya. Ta koma farko, ta zo wurin ta sake tsayawa. Na leƙo, ta dube ni tana murmushin kunya.

"Yaya, wurin ya goge."

Muka koma asibiti, aka yi hoton kai. Likitan ya ce wasu na dawowa a hankali, wasu rabi, wasu ba sa dawowa, ba mai iya yin alkawari. Makaranta kuwa ba ta jira. Wanda ya zo koyon ƙira'a da haddarsa ake karɓar sa, ita ce jarinsa.

Mahaifinta ya zo ɗaukar ta da kansa. Dattijo ne ɗan siriri irinta, bai taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. Na taro shi, na kawo shi ɗakina. Amira ta zo ta durƙusa a gabansa tana kuka, tana neman gafara. Ya ce ta tashi, ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya yi mata addu'a. Ni a raina ban iya irin wannan yafiyar ba, har yau kuma ban gama iyawa ba, ba don ita kaɗai ba, don mu duka.

Bayan la'asar, an gama haɗa kaya, ya zauna a kan darduma, ita tana gefensa. Ina kicin ina jin su. Ya tambaye ta jiki, ya tambaye ta ko tana cin abinci. Sai ya yi gyaran murya ya ja mata baki, ya karanto farkon wata aya ya tsaya, yadda malami ke yi don ɗalibi ya ɗora. Na ajiye wuƙar da ke hannuna.

Ba ta ɗora ba. Ya sake ja, a hankali, daga wani wuri mai sauƙi, cikin surorin da yara ke fara koya. Na matso bakin ƙofa. Tana kallon bakinsa, leɓenta na motsi, tana jira ya ƙara mata kalma ɗaya. Ya ƙara. Ta maimaita kalmar, ta tsaya.

"Baba, ci gaba, ina jin daɗin muryarka."

Ya ci gaba shi kaɗai har ƙarshen surar, muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya shafa addu'a, ya shafa mata a ka. Sannan ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa.

"'Yata, tun tana shekara huɗu nake ja mata baki. Za mu koma farko. Ni dai ban sani ba ko kwanana zai kai."